Yadda ake fito da ƙwayoyin yauƙi na fatar tsutsar teku a ƙarƙashin madubin likita

Fatar tsutsar teku mai gashi, irin su Hediste diversicolor da ke zaune cikin taɓon bakin koguna a Turai, shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, da ɓawo siriri a samanta. A tsakanin ƙwayoyin nan ne masu fitar da yauƙi suke, siffarsu kamar gora: ciki mai faɗi a ƙasa, wuya siriri da ya huda ɓawon ya buɗe waje. Ganinsu a cike ko a wofi ya dogara ne ga yadda aka kashe tsutsar, tun kafin a taɓa wuƙa.

Da farko a bar ta kwana ɗaya ko biyu cikin ruwan teku mai tsabta har ta kasayar da yashin cikinta. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi wa wuƙa giɓi.

Sai sanyaya mata jiki, wato sumar da ita, kuma nan ne aikin ya fi lalacewa. Idan aka jefa ta da ƙarfinta cikin maganin adanawa, za ta ƙanƙance, ta tsittsinke, ta amayar da yauƙinta duka, sai a tarar da gorunan fayau babu komai. A narka giram 7.5 na gishirin maganiziyam kulorayid cikin mililita 100 na tataccen ruwa, a gauraya da ruwan teku rabi da rabi, a sa ta ciki har sai an taɓa ta da tsinke ba ta motsa ba. Kada ruwan famfo ya taɓa ta, domin ƙwayoyin na iya kumbura.

A yanko gaɓa uku zuwa huɗu a tsoma cikin maganin adanawa da ake kira ruwan Bouin: kashi 75 ruwan asid na fikirik, 25 fomalin, 5 asid na asetik. Yawansa ya ninka naman sau 20, a bar shi awa 24. Hattara da fikirik, idan ya bushe yana iya fashewa, don haka a goge bakin kwalba. A wanke da etanol mai ƙarfin kashi 70 har rawayar ta fita, a bi da naman ta etanol mai kashi 80, 95 da 100 don ya tsane ruwa, sai zailin, sinadarin da ke fitar da etanol ɗin, sannan narkakken kakin farafin mai zafin digiri 58. Idan kakin ya daskare, a yanka a gicciye, kaurin maikuron 5 zuwa 7 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Gashin tsutsar yana da tauri, yakan ja naman ya yage, shi ya sa ake son sabuwar wuƙa da kaki mai sanyi.

Bayan an cire kakin an maido da yankan cikin ruwa, a rina shi minti 30 da shuɗin Alcian, kashi 1 cikin asid na asetik mai kashi 3, wato tsaminsa pH 2.5. A ɗauraye, a sa asid na feriyodik minti 5, ruwan rini na Schiff minti 15, sannan a bar ruwa na gudana a kai minti 10 don launin ya fito.

Fara dubawa da ƙaramin gilashi, ka nemi fatar ƙasan tsutsar da gindin ƙafafunta, inda ƙwayoyin suka fi taruwa, sannan ka koma mai girmama abu sau 400. Yauƙi mai asid zai fito shuɗi, marar asid ja mai duhu, wanda ya haɗa biyun kuma ruwan goda. Shi ma ɓawon yana ɗaukar ja, kada a ɗauke shi yauƙi. Haka sukarin ajiya da ke cikin nama yana rinuwa ja, don haka a jiƙa yanka ɗaya da sinadarin dayastes, mai narkar da sukarin, kafin rini: jan da ya ɓace na sukari ne, wanda ya tsaya a cikin gorunan na yauƙi ne.