Yadda ake rijistar tambarin kaya a Chaina kafin wani ya riga ka

Na sha ganin ɗan kasuwa ya shekara biyar yana buga takalma ko turare a Guangzhou da sunansa a jiki, amma bai taɓa rijistar sunan a can ba, wai ai a Kano yake sayarwa. To a Chaina galibi wanda ya fara shigar da takardar rijista shi ke da suna, ba wanda ya fara amfani da shi ba. Apple ma sai da ya biya dala miliyan 60 a 2012 kan sunan iPad, balle ni da kai.

Da farko dai kar ka tura wa masana'anta tambarinka, ko a manhajar hira ta WeChat ne, sai takardarka ta shiga. Wani abokin kasuwancina ya tura, ashe tafintan da ke raka shi kasuwa ya yi rijista da sunan kansa ya kai wa kwastan, kwantena guda ta maƙale a tashar ruwa abokin nawa na ciniki da tafintan kan sunan da shi da kansa ya raɗa.

Sai ejan, wato wakilin da zai shigar maka da takarda. Baƙon da ba shi da ofis a ƙasar dole ya bi ta hannun ejan zuwa CNIPA, hukumar da ke rijistar tambari a Chaina, kuma ka duba da idonka sunan kamfaninka ne a takardar. Kuɗin hukuma bai taka kara ya karya ba, wajen yuwan 300 ne kan aji ɗaya (wato rukunin kaya ɗaya), na ejan ne ke cin mutum, yi ciniki. Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid, wanda ke ba mutum damar neman rijista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, don haka babu gajerar hanya, 'yan Nijar da Kamaru ne ke da wannan ta OAPI, hukumar rijistar tambari da ƙasashensu suka haɗu a kai.

Inda ni na faɗi shi ne wajen aji. Aji 45 ne a duniya, tufafi da takalma suna aji 25, na ce shikenan na rufe. Ashe Chaina ta sake yanka kowane aji ƙanana-ƙanana, riguna 2501, takalma 2507, huluna 2508, safa 2509, ni kuma riguna kawai aka cike min, ga shi rabin kayana takalma ne, sai da na sake sabon fayil na sake biya. Ka zauna da ejan ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ni dai ko ba ka yin hula yanzu ka saka ta.

Ka haɗa da sunan a rubutun Chaina, shi rijistarsa daban. In ka riga ka shigar a Abuja kana da wata shida ka nemi a ƙirga maka daga waccan ranar. Satifiket shekara 10 yake yi, in ka shekara uku ba ka amfani da sunan wani na iya neman a soke, don haka adana rasit da hotunan katan. Da ya fito ka kai wa kwastan ɗin Chaina su shigar.