Yadda za ka gane shirin da zai ƙare da kyau tun kafin ka ƙona masa data

Sana'ata cajin waya da tura fina-finai a Agege da ke Legas, saboda haka ni ake kawo wa ƙorafi duk sanda shiri mai dogon zango ya ƙare ba yadda ake so ba, kamar ni na rubuta shi. Daga masu kayan gwari na Mile 12 har 'yan canji, kukan ɗaya ne: "Malam, an cuce mu." Akwai abubuwan da nake dubawa kafin in ce wa mutum ya fara kallo.

Da farko ka tambaya ko shirin ya ƙare, kuma wa ya ƙare shi. Wani marubucinsa ne ya kai shi inda ya nufa ya ajiye alƙalami. Wani tasha ce ta yanke shi don masu kallo sun ragu, sai a bar ka da jarumi kwance a asibiti har abada. Wani kuma, kuma wannan ya fi yawa a namu na YouTube, ba ya ƙarewa sam, shiru kawai za ka ji. Kuɗi sun ƙare, ko an saɓa da jaruma, ko furodusa ya hango sabon labari. In na farkon ne, bismillah. Sauran biyun ka shiga da saninka.

Sai ka duba tsawonsa, ka kuma duba inda kuɗinsa ke fitowa. Shirin da ke cin abinci daga talla duk mako ba shi da dalilin tsayawa muddin ana kallo. Shi ya sa na Indiya da matan gida ke bi a Zee World suke kai ɗaruruwan kashi: a mutu a dawo, a manta kowa a sake tunawa, a yi aure a warware. Kwatanta da Breaking Bad na Amurka, kashi 62 a zango biyar, aka rufe a 2013, kuma har yau da wuya ka ji mai kuka da ƙarshensa. Tun kashin farko an nuna maka malamin makaranta mai ciwon daji da ya shiga haɗa ƙwaya, ka san akwai ranar da zai girbi abin da ya shuka.

In daga littafi aka ɗauko labarin, ka bincika ko littafin ya kammala. A nan Game of Thrones ya faɗi. Littattafan George R. R. Martin biyar ne suka fito, na biyar ɗin a 2011, shirin kuma ya wuce su ya ci gaba da tafiya ba jagora. Zangunan farko kashi goma-goma ne, na bakwai ya koma bakwai, na takwas a 2019 kashi shida kacal. Abin da aka yi shekaru ana ginawa aka rushe a guje. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet wai a sake zangon ƙarshe, ba a sake ba. A ganina inda aka kai labarin ba laifi, gaggawar ce ta ɓata shi, irin ta direban danfo da ya ga dare ya yi ya sauke fasinja kafin tasha. Duk shirin da ka ga zangonsa na ƙarshe ya fi sauran gajarta alhali rigingimu na nan jibge, ka rage buri.

Ranar kashin ƙarshe kuma tana da nata shiri. Ka sauke shi a waya tun da rana, kada ka dogara da netwok na dare, ka cika caji. Ka ƙaurace wa TikTok da zaurukan WhatsApp, don akwai wanda burinsa a duniya ya riga kowa faɗin wanda ya mutu. Kada ka kalla a cikin mota kana cunkoson Oshodi, kwandasta na ihu a kunnenka. Kuma in hoto ya ɗauke, kada ka yi saurin zagin masu wuta. The Sopranos a 2007 da gangan aka ƙare shi da baƙin allo ana tsakiyar zama a gidan abinci, mutane da yawa a Amurka suka zaci talabijin ɗinsu ce ta lalace.

Abin da na fi nanata wa mutane shi ne, kafin ka kalli na ƙarshe, koma ka kalli kashi na ɗaya. Can ne marubuci ya yi maka alkawari: wa ya kashe mahaifin yarinyar, wa zai gaji dukiyar, shin wannan mutumin zai shiryu. Da wannan za ka auna shi. Wata Hajiya da ke aiko yaronta karɓar sabon kashi ta yi fushi sosai don jarumar wani shiri ba ta auri wanda take so ba. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, amma tun farko ai ba aure aka ce za a nuna mana ba, gado ake rigima a kai, kuma an raba." Ta ce ita dai ba ta yafe ba. Tana da 'yancinta, sai dai rashin samun abin da kake so daban, marubuci ya karya alkawari daban.

Shirin da ya ƙi ƙarewa kuwa, kai ka yanke masa. Nemi ƙarshen zangon da babbar rigimar ta mutu, ka tsaya nan. Masu bin Ertugrul na Turkiyya sun san wannan: kashi 150 ya yi daga 2014 zuwa 2019, yana rufewa aka buɗe labarin ɗansa Osman a shekarar. Wanda ya tsaya a kan uban ya sami cikakken labari. Wanda ya bi ɗan, sai ya zo in ƙara masa memori.