Kurakuran da Ake Yi da Na'urorin Gida Masu Haɗi da Intanet, da Yadda Ake Gyara Su

Idan kwan fitila ko soket ɗin da ake sarrafawa da waya ya daina amsawa, abin da yawancin mutane suke fara yi shi ne su goge shi daga manhaja su sake ɗaura shi. Wannan shi ya kamata ya zo ƙarshe, domin gogewar tana tafiya da duk jadawalin da aka tsara, alhali sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana wajen wuta ko wajen rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida.

A fara da wuta. Idan aka ɗauke aka dawo da ita, kwan fitila yana farkawa cikin 'yan daƙiƙu, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi. Wasu na'urori idan suka nemi Wi-Fi ba su samu ba sai su haƙura, su zauna shiru har a kashe su a kunna. Maganin shi ne kada rauta ta mutu sam: a ɗora ta a kan inbata, ko a saya mata ƙaramin batir ɗin ajiya, amma a duba jikin cajarta tukuna, domin wata bolt 12 take ci, wata 9. Akwai kuma abin da ya fi wannan ban haushi. Kwan fitila da yawa masu aiki da manhajar kamfanin Tuya da makamantansu ana mayar da su yadda suka fito daga kamfani ne ta hanyar kashewa da kunnawa sau uku a jere. Wutar da take kiftawa, ko juyawa daga janareta da gaggawa, tana iya yin hakan da kanta, sai a tarar da kwan yana walƙiya ya manta gidan. A riƙa dakatawa kaɗan wajen juya layi. A manhaja kuma a nemi inda ake zaɓar abin da kwan zai yi idan wuta ta dawo, a sa ya koma yadda yake a baya, don kada ya haske ɗakin yara da ƙarfe biyun dare.

Sai Wi-Fi. Mafi yawan waɗannan ƙananan na'urori zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba su san 5 GHz ba. Idan rauta ta haɗa zangunan biyu a suna ɗaya, ɗaurawa tana iya ƙi. A raba musu suna, ko a kashe 5 GHz har a gama. Ranar da aka canza rauta kuma, a ba sabuwar suna da kalmar sirrin tsohuwar, harafi da harafi; duk na'urorin za su dawo da kansu.

Masu amfani da Zigbee, wata hanyar haɗa na'urori ba waya wadda ba Wi-Fi ba, suna da nasu kuskuren. Na'urorin da ke jone da wuta su ne suke miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan, masu batir ba sa yi. Kashe kwan Zigbee daga makunnin bango kamar rushe gada ne: na'urar gano motsi da ke bayan gida sai ta ɓace. A bar makunnin a kunne, a sa soket mai wuta ɗaya ko biyu a tsakanin ɗakuna. Wanda yake da sandar Zigbee ta USB, wadda ake jonawa a kwamfuta don ta yi magana da na'urorin, ya ja ta da igiyar ƙari ta mita ɗaya, nesa da ramin USB 3.0, domin yana dagula zangon 2.4 GHz.

Kuskuren da yake iya jawo gobara shi ne ɗora wa soket kayan da suka fi ƙarfinsa. Soket mai amfiya 10 a wutar bolt 230 iyakarsa wat 2,300, kuma wannan lissafin bai shafi kayan da ke da inji ba. Na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa suna fizgar wuta ninki da yawa a lokacin tashi, har ƙarafan cikin soket su narke su manne. A manhaja a ga an kashe, injin kuwa yana ta aiki. Irin waɗannan sai ta kontakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, soket ɗin ya zama mai ba ta umarni kawai. Haka makunnin bango da ake sarrafawa da waya: yawancinsu suna buƙatar wayar nutural, wadda ba kowane akwatin makunni yake da ita ba. Mai gyaran wuta ya buɗe ya duba kafin a saya.

Makullin ƙofa mai aiki da batir a sa masa batir alkalin mai bolt 1.5. Mai caji 1.2 yake bayarwa, sai makullin ya ruɗe wajen auna saura. Ɗan mabuɗin ƙarfensa kuma kada a ajiye shi cikin gidan da zai buɗe.

Kyamara kada ta kwana da kalmar sirrin da ta zo da ita. Da irin wannan sakaci muguwar manhajar kutse mai suna Mirai ta kame kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa a 2016. Sabunta manhajar cikin na'ura a yi shi lokacin da wuta ta tsaya, domin yankewa a tsakiya tana iya kashe ta gaba ɗaya. Da hunturu kuma a riƙa goge gilashin kyamara da fuskar na'urar gano motsi da busasshen ƙyalle mai laushi duk mako biyu, a kau da na'urar gano motsin daga tagar da rana take bugawa.