Sabuwar mota a Zariya: a sa mata ledar kare fenti ko a haƙura?

Duk wanda Allah ya hore wa ya ciro sabuwar mota a wannan zamanin, bayan Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, magana ta gaba da zai ji daga abokai itace Alhaji ka kaita a sa mata PPF, wato ledar kare fenti, tun kafin ta fara shiga hanya. Wasu suce dole ne, wasu suce ɓarnar kuɗi ce da yayin 'yan Abuja. Ni dai inda na tsaya shine ledar tana aiki, aiki na gaske ma, amma ba kowace mota ke buƙatarta ba, kuma ba lallai sai an rufe duk jikin ba, sannan hannun da zai manna maka ita ya fi ledar kanta muhimmanci.

Ita wannan abar wata leda ce garai-garai da ake mannawa a saman fenti, in an yi aikin da kyau sai ka matso sosai zaka gane akwai wani abu a jikin. Mai kyaun da roba ake yinta wadda ake kira TPU, tana da taushi tana miƙewa, kaurinta wajen maikiron 150 zuwa 200 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), alhali fentin da kamfani ke fesawa mota gaba ɗayansa yawanci bai cika wuce 100 zuwa 180 ba, kaga kenan ledar takan kai fentin kauri ko ma ta fi shi. Asalinta ma ba don mota aka yi ba, kamfanin 3M ne ya yi wa sojojin Amurka lokacin yaƙin Biyetnam don kare farfelar helikwafta daga yashi da tarkacen da ke cinye ta, daga baya ta shigo harkar motoci. Yanzu sunayen da zaka fi ji sune 3M, XPEL, SunTek, STEK da LLumar. Masu kyaun suna da wani shafi a sama wanda in ya samu ƙananan zane, da zarar rana ta buga shi ko an zuba ruwan zafi sai zanen ya baje ya ɓace, toh mu kuwa rana ba abin da muke nema bane.

Kar a haɗa maka ita da wasu abubuwa, don nan ne ake yawan cutar mutane. Ba ledar gilashi bace ta tintak, ba kuma ledar canza kala bace, waccan siririya ce ado kawai take yi. Sai seramik, shi ruwa ne ake shafawa ya bushe a jikin fenti, yana sa sheƙi, ruwa da datti basa kamawa sosai, wanki yayi sauƙi, amma wallahi baya tare tsakuwa ko kaɗan, duk wanda yace maka seramik zai hana dutse fasa fenti kasuwarsa kawai yake ci.

Tambayar farko da zaka yi wa kanka, ina motar nan zata riƙa bi? In kai mutum ne mai zirga-zirgar Zariya zuwa Kaduna, ko Kano ta Kwanar Dangora, ko kana bin hanyar Funtuwa ta Giwa, ko ta Jos ta Pambeguwa da Saminaka, to gaban motarka yana cikin yaƙi kullum. Ka biyo tifa ta ɗauko tsakuwa ba a rufe ba, ko tirela tana gabanka tayoyinta na watso duk abin da ke kan kwalta, kana gudu kaji ƙas a bonet, ƙas a bamba. A lokacin bazaka ga komai ba. Sai ranar da aka wanke motar ka tsuguna a gabanta da safe, ka ga leɓen bonet ya cika da ƙananan ɗigo-ɗigo farare, ka sa farce ka ji ramin, wasu har sun kai ƙarfe, damina na zuwa su fara yin ja na tsatsa. Wannan shine ainihin ciwon da aka yi ledar dominsa, kuma a nan bata da na biyu, dutsen zai daki robar ya faɗi fentin na ƙasa lafiya lau.

In kuwa motar ta cikin gari ce, daga Samaru zuwa Kongo, a kai yara makaranta, a leƙa PZ da kasuwar Sabon Gari, ranar Juma'a a shiga birni ta Ƙofar Doka, to tsakuwa ba itace babbar matsalarka ba, keke napep da 'yan acaɓa ne a cunkoson Kwangila da Tudun Wada. A nan ka fahimci iyakar ledar da kyau. Gogar hannun babur ko gefen keke mara ƙarfi zata shanye, sau da yawa ledar ce zata ji ciwo fentin ya tsira. Amma in aka buge ka har ƙofa ta lotsa, ledar zata lotsa tare da ƙofar ne, sai an ɓare ta fanal bita yayi aikinsa, mai fenti yayi nasa, sannan ka sake biyan kuɗin sabuwar leda ta wannan wajen. Bata hana lotsawa, ko kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi tsakuwa da keke cinye fentin motoci a garin nan, kuma mu da kanmu muke biya ayi mana shi. Hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta a mota cikin dare, da safe yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya hau goge ta yana zagayawa, ko a wajen wankin mota a ɗauki soso ɗaya da bokiti ɗaya da omo a wanke taya a dawo da shi kan bonet. Ƙurar nan ai yashi ce mai laushi, duk gogawa ɗaya zane ne, shi yasa zaka ga baƙar mota bata shekara ba amma in ta tsaya a rana jikin duk zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Leda mai gyara kanta tana maganin wannan, gaskiya ne, to amma ruwa wadatacce kafin a taɓa jikin da tsumma mai laushi na maikurofaiba suma suna maganinsa da kuɗi kaɗan. Kar ka kashe miliyoyi kan abin da gyara hannun mai wanki zai rage maka.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko zafi: fentin da ke jikin na kamfani ne? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da muke kira sabuwa tokumbo ce, daga Legas ko Kwatano, kuma da yawa an taɓa su kafin su iso arewa, bamba ko fenda ko ƙofa ɗaya an sake fesawa an goge tayi ƙyalli. Fentin kamfani gasa shi ake yi da zafi mai yawa tun motar tana ƙarfe zalla, yana kama jiki sosai. Fentin gareji bai kai nan ba, ranar da za a ɓare ledar zata iya tahowa da shi faifai guda. Saboda haka kafin komai a sa na'urar auna kaurin fenti a bi motar ɓangare-ɓangare, inda lamba ta yi tsalle ta ninka na sauran to an taɓa wajen. Na'urar bata karanta bamba tunda roba ce, ita sai da ido, a duba bakin-bakinta da bambancin kala a rana. In sabon feshi ne a bari ya bushe sosai, aƙalla wata guda, wasu masu fenti ma zasu ce ka ƙara. Kuma ledar bata ɓoye aibi, duk zane mai zurfi ko tabon da aka rufe haka zaka riƙa ganinsa ta ciki, dole a wanke a yi folish a gyara tukuna.

Sai lissafin kuɗi. Kayan daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, tun da aka saki naira a 2023 komai na mota ya tashi, rufe duk jiki da leda ta asali maganar miliyoyi ce. Abin da zaka yi ka nemi farashi kala biyu, na gaba kaɗai da na duk jiki, sannan ka je wajen mai fenti na kirki ka tambayi nawa zai fesa maka bonet da bamba da fenda biyu, ka ajiye su gefe da gefe. Ka ƙara da abin da kowa ya sani a kasuwar mota, dillali na zuwa abin da zai fara tambaya fes bodi ce? Motar da ba a taɓa fesawa ba kuɗinta daban ne. In mota ce mai tsada, irin su Land Cruiser, Prado, Lexus ko Marsandi, musamman mai farin nan na lu'u-lu'u da haɗa kalarsa ke ba masu fenti wahala, kuma kana da niyyar riƙe ta shekaru, ledar ta cancanci kuɗinta. In Corolla ce ko Civic ta zirga-zirga da zaka sayar nan da shekara ɗaya ko biyu, rufe duk jiki bai da ma'ana, mai saye bazai biya ka kuɗin ledar ba, ka sa kuɗin a tayoyi masu kyau da inshora ta gaske.

Ga mafi yawan mutane shawarata a rufe fuska kawai, wato bamba, bonet gaba ɗayansa, fenda biyu, bayan madubin gefe da fitilun gaba. A ƙara da ƴan ƙananan wurare masu arha, ramin hannun ƙofa inda farce da makulli ke karta, bakin ƙofofi, da saman bambar baya inda ake jan buhu da akwati in za a sa a but. Za a yi maka tayin rabin bonet don ya fi sauƙi, ni bana so, domin bakin ledar zai ratsa tsakiyar bonet kuma jar ƙurarmu zata kwanta a layin, a farar mota daga nesa ake hango shi.

Yanzu wajen zaɓen mai aiki, nan nake so ka ɓata lokaci. A nan arewa masu wannan sana'ar sun fi yawa a Abuja da Kano da Kaduna, tafiyar awa ɗaya ko fiye don aiki mai kyau ba asara bace. Da ruwa ake manna ledar, ana fesawa ana matse ta da roba, duk ƙwayar ƙurar da ta faɗa tsakani ta zauna kenan har ranar cirewa, don haka in ka ga a buɗaɗɗen fili ake yi ko ƙarƙashin rumfa a bakin titi, balle da hunturu, yi musu sallama ka wuce. Ɗaki rufaffe mai haske da tsabta ake nema. Kace a nuna maka kwalin ledar da sunan kamfanin a jiki, kuma a rubuta sunan a rasit, da takardar garanti, manyan kamfanonin kan bada har shekara 10 a kan ledarsu mai kyau amma ta hannun wakilan da suka amince da su. Akwai masu arha na PVC da wata da ake kira TPH, ranar farko duk ɗaya suke a ido, sai sun sha ranar Maris da Afrilu su koma ruwan ɗorawa su fara tsattsagewa, gam ɗin ya kama fenti cirewa ta zama wani aikin. Ka roƙi ɗan guntu ka ja shi da hannu, mai kyau tana miƙewa ta dawo bata yin fari, ka karce ta da burushi ka zuba ruwan zafi ka gani ko zanen zai tafi.

Ka tambaye su yadda suke yanka. Wasu da kwamfuta suke fitar da zanen kowace mota inji ya yanka, wasu a jikin motar suke yanka da reza. Gwani yana iya yi da hannu lafiya, amma wanda hannunsa bai faɗa ba zai tsaga har fentin, kuma bazaka sani ba sai bayan shekaru an ɓare ka tarar da layin wuƙa. Abin da yafi komai, kace malam nuna min motar da kuka yi bara ko bariya, farar mota in da hali. Ka duba ko ta canza kala, ka bi bakin bonet da yatsa ka ji ko an naɗe ledar ta shige ciki ko an bar ta a waje tana ɗagowa da baƙin datti a ƙarƙashi. Wanda ya yarda da aikinsa da murna zai kira maka kwastoma.

Bayan an gama a bar motar kamar sati guda ba wanki. Zaka ga ƴan ƙurajen ruwa nan da can, kar ka sa allura ko ka danna, rana zata busar dasu, in sun wuce sati biyu zuwa uku suna nan ka mayar musu su duba. Ka ja kunnen masu wanki su nisanta bakin injin feshi daga gefen ledar don yana ɗaga ta, banda omo, banda fetur ko kalanzir wajen cire kwalta. Kashin tsuntsu da na jemage da ruwan da ke ɗiga in ka faka ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro a wanke da wuri, in suka gasu a rana suna barin tabo ko a leda. Ranar da ka ga ta fara dushewa ko tsagewa kar ka ja lokaci, a cire ta da tururi ko iska mai zafi tun tana fita salin alin.

Wanda kuma ya auna ya ga ba zai sa ba, ya nemi inuwa ko rumfa a gida, ya sayi tsummansa da sabulun mota ya ajiye a but ya riƙa miƙa wa mai wanki da kansa, ya ba tifa da tirela tazara sosai a hanya, sannan ya duba lambar kalar motarsa, a Toyota tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, a haɗa masa ɗan fenti a ƙaramar kwalba ya riƙa ɗiga wa duk inda dutse ya fasa kafin ruwan sama ya sauka.