Kurakuran da ake yawan tafkawa kan Sykes-Picot da alƙawarin da aka yi wa Sharif Husaini

Da zarar wuta ta tashi a Siriya ko Iraƙi ko Falasɗinu sai ka ji an ce "ai Sykes-Picot ne", shi ke nan an rufe magana. Ba wai ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma yawancin masu faɗin haka takardu uku suke cakuɗawa su mai da su guda, kuma daga nan sauran kurakuran suke fitowa. Maganin abin shi ne ka riƙe kwanan watan kowacce. Akwai wasiƙu 10 da aka yi musaya tsakanin Sharif Husaini bin Ali na Makka da Henry McMahon, babban wakilin Birtaniya a Masar, daga Yulin 1915 zuwa Maris 1916. Akwai yarjejeniyar sirri ta Mayun 1916 wadda Mark Sykes na Birtaniya da François Georges-Picot na Faransa suka tsara don raba ƙasashen Daular Usmaniyya ta Turkiyya ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Sai kuma wasiƙar Balfour ta 2 ga Nuwamba 1917 mai goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu. Birtaniya ce a cikin duka ukun, ta sayar da akuya ɗaya ga mutum uku kenan, kowa kuma da irin takardar da aka ba shi.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne cewa wai Sykes da Picot ne suka zana bodojin da muke gani yau. Wanda ya taɓa kallon taswirar ba zai faɗi haka ba, don babu Iraƙi babu Jodan babu Lebanon a kanta. Abin da ke ciki shi ne yanki mai launin shuɗi a gaɓar tekun Siriya har cikin kudancin Anatoliya da Faransa za ta mulka kai tsaye, da yanki ja wajen Bagadaza da Basra na Birtaniya, sai yankuna biyu A da B a tsakiya inda aka ce za a yi ƙasar Larabawa amma Faransa ke da ta cewa a A, Birtaniya a B. Falasɗinu kuma aka ce ƙasashen duniya za su haɗu su kula da ita, in ban da tashoshin ruwan Haifa da Akka da aka ware wa Birtaniya. To duba yadda ta kaya, Mosul tana ɓangaren Faransa a taswirar amma a Disambar 1918 firaministan Faransa Clemenceau ya sakar wa firaministan Birtaniya Lloyd George ita, Falasɗinu ma ta faɗa hannun Birtaniya ita kaɗai, yankin Anatoliya kuwa jagoran Turkawa Mustafa Kemal ya ƙwace abinsa da bakin bindiga. In kana neman inda aka yi rabon da ya zauna, ka ce taron San Remo a Italiya, Afrilun 1920, a can ne aka ba Faransa riƙon Siriya da Lebanon, Birtaniya riƙon Iraƙi da Falasɗinu, har Faransa ta samu kashi 25 cikin 100 na man Iraƙi. Maganar Mosul ma da Turkiyya sai 1926 aka kashe ta.

Kuma ba ƙasashe biyu ba ne, da Rasha a ciki, ministan harkokin wajenta Sazonov ya amince bisa sharaɗin za ta samu su Erzurum da Van da Trabzon, bayan alƙawarin Istanbul da aka riga aka yi mata tun 1915.

Yanzu ga inda gardamar take da zafi. Wasu za su ce maka McMahon ya yi wa Husaini alƙawarin duka ƙasar Larabawa ƙarara, wasu kuma su ce ai ba a yi masa alƙawarin komai ba, duka biyun ba daidai ba ne. A wasiƙar 24 ga Oktoba 1915 McMahon ya yarda da 'yancin Larabawa a cikin iyakokin da Sharif ya nema, amma ya cire Mersin da Iskandarun da kuma sassan Siriya da ke yamma da yankunan Dimashƙ, Hims, Hama da Halab, ya kuma ƙara da cewa alƙawarin ya tsaya ne inda Birtaniya za ta iya motsi ba tare da ta taɓa muradin Faransa ba. Ba a ambaci Falasɗinu ko Ƙudus da suna ba ko sau ɗaya. Larabawa suka ce ɗauko taswira mana, abin da ke yamma da waɗannan garuruwa huɗu Lebanon ne da gaɓar Siriya, Falasɗinu tana can kudu saboda haka tana cikin alƙawari. Birtaniya kuma a takardar Churchill ta 1922 ta ce lardin Dimashƙ ake nufi wanda ya miƙe har kudu ta gabashin kogin Jodan, don haka Falasɗinu tana yamma da shi. Ni dai a ganina hujjar Larabawa ta fi nauyi tunda babu wani lardi mai suna Hims ko Hama a tsarin Turkawa, amma gaskiya da gangan aka bar maganar a dunƙule, shi ma Sharif ya ga hakan ya ce a bari sai bayan yaƙi. A 1939 aka kafa kwamiti na ɓangarorin biyu ya duba wasiƙun, aka watse ba a daidaita ba. To in za ka kawo maganar, ka ce ana saɓani kan fassarar wasiƙar, kar ka ce an rubuta.

Sai masu cewa Larabawa ba su san da yarjejeniyar sirrin ba sai da yaƙi ya ƙare. A'a, 'yan Bolshebik da suka ƙwace mulki a Rasha ne suka tona ta a jaridun Rasha a Nuwamban 1917, Jamal Pasha, gwamnan Turkawa a Siriya, ya ɗauka ya yi ta yayatawa don ya raba Faisal ɗan Sharif da Turawa, su kuma Turawan suka yi ta lallashi, suka tura jami'in Birtaniya Hogarth wurin Sharif a Jidda a Janairun 1918, aka ci gaba da tafiya a haka.

Haka nan kalmar "Larabawa sun ci amanar Halifa" tana buƙatar gyara. Tawayen da Sharif Husaini ya fara yi wa Turkawa a Yunin 1916 na Hijaz ne, Larabawa masu ɗimbin yawa sun ci gaba da yaƙi a rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya har ƙarshe, Madina ma ba ta faɗi ba sai Janairun 1919 saboda taurin kan Fakhri Pasha, kwamandan Turkawa a garin. Sannan a tuna Jamal Pasha ya rataye manyan Larabawa a Dimashƙ da Beirut ranar 6 ga Mayu 1916, wata guda kafin tawayen. Halifancin kansa kuma majalisar Turkiyya ce ta soke shi a Maris 1924.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne masu ɗora wa gidan Sa'ud wasiƙun McMahon. Husaini Bahashime ne, abokin gabar Abdul'aziz bin Sa'ud ne ma, shi Abdul'aziz tasa yarjejeniyar daban ce da ya ƙulla da Birtaniya a Darin a Disambar 1915. 'Ya'yan Husaini su ne Faisal wanda Faransa ta kora daga Dimashƙ bayan yaƙin Maisalun na 24 ga Yuli 1920 aka naɗa shi sarkin Iraƙi a 1921, da Abdullahi wanda jikokinsa ke mulkin Jodan har yau. Shi tsohon, wato Husaini, ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar da za ta sa ya amince da riƙon Falasɗinu, sai Turawa suka zura ido dakarun Abdul'aziz suka shiga Makka a 1924, ya ƙare da gudun hijira a Kubrus, ya rasu a Amman a 1931 aka binne shi a Ƙudus.