Yadda Ake Duba Hannun da Ya Kumbura Bayan Tiyatar Kansar Nono

Idan hannu ya daɗe a kumbure bayan an cire nono da kaluluwar hammata, a riƙa duba fatarsa duk wata cikin haske, da madubi don ganin bayan dantse. Abin nema shi ne tabo ja ko shuɗi-shuɗi kamar taruwar jini, alhali ba a buge ba. A baƙar fata duhu kawai yake yi, don haka a shafa a ji ko akwai ƙullutu. Idan ya wuce mako 2 bai baje ba, ko yana zubar da jini, a garzaya asibiti a yanki fatar a gwada. Irin wannan tabo na iya zama alamar wata kansar jijiyoyin jini da ake kira Stewart-Treves, wadda ba kasafai ake samunta ba. Takan ɓullo bayan kimanin shekara 10 da yin tiyatar, tana kuma saurin yaɗuwa zuwa huhu.