Yadda za ka miƙa wa kwastoma aikin sola ba tare da ka bar shi cikin duhu ba

Wannan na ƴan uwana ne masu haɗa sola a nan Kaduna, musamman yaran da suka fara karɓar aikin kansu. Da yawanmu mun iya aiki wallahi, waya tsaf, fanel a zaune daram kan rufi, amma da mun karɓi cikon kuɗi sai mu haɗa kaya mu tafi mu bar mai gida da wani akwati mai ƙyalƙyalin fitilu da rubutun Turanci wanda ko kusa da shi tsoron zuwa yake.

Abin da ya sa na canza salo, wata Hajiya ce a Unguwar Rimi ta kira ni wajen sha ɗaya na dare muryarta na rawa, wai inbata, wato akwatin nan da ke juya wutar batir ta zama wutar gida, na ta kuka, ta kashe komai ta kwashe jikokinta sun koma tsakar gida don tana zaton gobara ce za ta tashi. Ashe yarinyar gidan ce ta jona hita. Na ce Hajiya ki yi haƙuri laifina ne, tunda ban taɓa gaya mata ma'anar kukan ba.

To ga yadda nake yi yanzu. Kafin ka tafi, ka nemi farar takarda da salatif da alƙalami mai kauri, kowace bireka, wato makunnin da ke yanke wutar kowane layi, ka rubuta mata suna da Hausa: wutar nepa, sola, falo, ɗakin Alhaji, firij. Soket ɗin da ba ya kan inbata ka manna masa jan salatif, ka ce nan ne kawai wajen guga da hita. Mutum ba zai riƙe bayanin minti talatin a kai ba amma ja kam ko yaro ya gane shi. Kuma don Allah kar ka kafa makunnin canjin wuta can sama inda sai an taka kujera, matan gida ne za su fi taɓa shi ba kai ba.

Sai maganar lissafi, nan ne ake yawan samun rigima. Kar ka ce wa mutum "zai ɗauki komai", ƙarya ce kuma kanka za ta dawo. Batir mai 12V 200Ah wat 2400 yake riƙewa na awa ɗaya, in kuma irin mai ruwa ne rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, wato 1200. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1000 ko fiye, fankar sama kuwa wajen 70. Ka faɗa masa haka da yaren da zai gane, Alhaji guga na awa ɗaya daidai yake da fanka ɗaya ta yi wajen awa goma sha huɗu tana juyawa, za ka ga ya gyaɗa kai, daga ranar shi da kansa zai riƙa tsare soket ɗin.

Ka tara duk wanda ke gidan, ba mai biyan kuɗi kaɗai ba don shi yana kasuwa ko ofis lokacin da matsala ke tasowa. Ka sa a jona abu mai nauyi da gangan su ji kukan lodi ya yi yawa, su kashe su kunna da hannunsu kai kana tsaye kana kallo. Ka nuna musu inda ake duba ruwan batir, ka ja kunne cewa ruwan batir na kwalba ake zubawa ba na famfo ko rijiya ba. Lokacin hunturu kuma ƙura na rufe fanel caji ya ragu, a riƙa wankewa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana gilashin na zafi ba.

Lambarka ka rubuta ta a jikin inbatan. In an kira ka ɗauka, ko kana kan rufin wani a Rigasa ne ka ce ina kan aiki zan kira bayan la'asar, kuma ka kira ɗin. Kafin ka ƙona mai zuwa Kawo ko Barnawa ka ce a turo maka hoton fuskar inbatan ta WhatsApp, yawanci daga nan za ka gane, sai ka mayar da saƙon murya da Hausa a hankali don ba kowa ke son karatu ba. Kar ka fara da "me kuka taɓa", mutum zai ɓoye maka gaskiya, ka ce me aka jona kafin ya fara kukan.

Garanti kuma a rubuce, me ya shafa me bai shafa ba, wata nawa, kowa ya riƙe kwafi. Bayan sati biyu kai ka fara kira ka ji ko batir na kai su asuba.